Keken Tura Jaka Da Rigimar Da Yake Tayarwa A Kulob Ɗin Golf Na Masu Kuɗi A Amurka

Akwai wata rigima da ta daɗe tana ci a kulob-kulob ɗin golf na masu hannu da shuni a Amurka, wadda in ka fara jin ta dariya ma zata baka. Mutum ya zuba dubban daloli ya zama mamba, yana biyan kuɗin wata-wata, a wasu wuraren har da kuɗin abincin da ko ya ci ko bai ci ba sai an cire, amma ranar da ya buɗe but ɗin motarsa ya sauko da ɗan keke mai taya uku don ya ɗora jakar sandunansa ya tura, sai wani ma'aikaci ya tare shi cikin ladabi yace yallaɓai ba'a shiga fili da wannan a nan. Zai iya hawa 'yar motar nan ta fili, zai iya ɗaukar yaro ya riƙe masa jaka, a wasu lokutan ma zai iya saɓa jakar a kafaɗarsa ya yi ta fama. Keken ne dai kawai a'a.

Toh me keke ya yi musu?

Bari in fara da bayanin wasan kansa a taƙaice saboda wanda bai saba da shi ba. Golf, ko ƙwallon lambu kamar yadda wasu 'yan jaridarmu ke cewa, rami 18 ake bi ɗaya bayan ɗaya, kuma doka ta yarda ɗan wasa ya riƙe sanduna har 14 a jaka. Ka haɗa da ƙwallaye da ruwan sha da lema da rigar ruwa, jakar nan cikin sauƙi zata haura kilo 10. Wanda ya taka filin da ƙafa daga farko zuwa ƙarshe yana cin kilomita 8 zuwa 10, cikin awa huɗu ko fiye. Kaga kenan maganar wa zai ɗauki jaka ba ƙaramar magana bace, ita ce ma rabin wahalar wasan. Hanyoyin huɗu ne, ko ka goya da kanka, ko ka ɗauki kadi wato mai ɗaukar jaka da ake biya, ko ka hau 'yar mota mai batir ko fetur, ko kuma ka tura a keke. Na so in kira shi keken turawa sai na ga za'a ɗauka keken Turawa nake nufi, ko da yake duka biyun ma daidai ne. Ɗan ƙarfe ne mai naɗewa, kamar kurar 'yan ga-ruwa da aka yi wa gata, yana da birki da wurin saka lema da kwalbar ruwa.

Abun da zai baka mamaki shine a inda aka haifi wasan babu wannan rigimar kwata-kwata. A Sikotlan da Ingila da Ailan tiroli suke kiransa, kuma tsoho da yaro, attajiri da mai ƙaramin albashi, kowa jan abinsa yake ba wanda zai kalle shi sau biyu. Hasali ma a can 'yar motar ce abin kallo, kulob da yawa sai ka nuna kana da lalura kafin su baka. Kamfanonin da suka yi suna wajen keken mai batir irin su PowaKaddy da Motocaddy duk na Birtaniya ne. Haka a Ostareliya. Ƙyamar keke cuta ce ta Amurka, kuma ko a Amurkan ma ba a filayen kowa-da-kowa ba, a kulob masu zaman kansu ne da sai mamba ko baƙon mamba ke shiga.

In kana so ka gane daga ina ta samo asali sai ka koma baya kaɗan. Kafin yaƙin duniya na biyu, duk mai buga golf a kulob na kirki a Amurka yaro ne ke ɗaukar masa jaka, yaran talakawan unguwar da ke kusa da filin. Daga cikin irin yaran nan ne ma manyan zakarun wasan suka fito. Francis Ouimet da ya ci gasar US Open a 1913 yana ɗan shekara 20, kadi ne a da a filin Brookline ɗin da ya ci gasar, kuma wanda ya riƙe masa jaka a ranar yaro ne ɗan shekara 10 mai suna Eddie Lowery. Ben Hogan da Byron Nelson a kulob ɗaya suka yi dako suna yara a Fort Worth ta jihar Texas. Toh da yaƙi ya zo ya kwashe matasa, bayan yaƙi kuma aikin yi ya yawaita, yaran dako suka yi ƙaranci, ga kuma masu matsakaicin ƙarfi sun fara shigowa wasan a filayen gwamnati inda ba kowa ke iya biyan yaro ba. A tsakiyar shekarun 1940 wani mutum a Portland ta jihar Oregon, Bruce Williamson, ya haɗa keken ja mai taya biyu da tayoyin injin yankan ciyawa, shine asalin Bag Boy da har yau ake sayarwa. Tun daga ranar farko kenan keken nan na wanda ba ya iya biyan kadi ne, kuma wannan tambarin ne ya manne masa har yau.

Ita kuwa mota ta shigo ne ta ƙofar gaba. A farkon shekarun 1950 aka fara ƙera masu batir a Kalifoniya, a 1954 aka kafa E-Z-GO a garin Augusta na jihar Jojiya, Club Car ya biyo baya a 1958. Da farko tsofaffi da marasa lafiya aka yi wa ita, har wasu kulob ɗin suna neman takardar likita. Amma da ma'ajin kulob ya zauna ya buga lissafi sai ya ga ashe saniyar tatsa ce. Kadi in an biya shi kuɗin aljihunsa zai shiga, kulob ba ya samun komai ko kuma ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, amma kuɗin hayar mota kai tsaye asusun kulob yake faɗawa, ita kuma motar ba ta rashin lafiya, ba ta makara, ba ta neman a ƙara mata. Daga nan aka fara gina filayen da mota kawai aka yi wa tunani, musamman a Fulorida da Arizona inda ainihin kasuwancin sayar da gidaje ne, filin golf ɗin ado ne da ke ratsa tsakanin gidajen, sai ka gama rami ɗaya ka yi tafiyar ɗaruruwan mita ka tsallaka titi ka bi ta ƙarƙashin gada kafin ka isa na gaba. A irin waɗannan wuraren gaskiya ko an baka izinin tura keke kai ma zaka ce a kai kasuwa.

Yanzu ga dalilan da kulob ɗin ke bayarwa in an tambaye su.

Na farko da suka fi saurin faɗa shine ciyawa. Wai tayoyin keke na barin sawu, kuma masu tura shi suna bin hanya ɗaya kullum, musamman 'yar siririyar hanyar da ke tsakanin ramin yashi da shimfiɗar ciyawar da ramin ƙwallo yake ciki, wadda suke kira girin, har wurin ya taushe ciyawar ta mutu. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, don mai mota ba ya iya kusantar girin amma mai keke yana iya kutsawa ko'ina. Sai dai dan Allah a auna mana. Keke bai kai kilo 10 ba, ka ɗora jaka ya zama ashirin da 'yan kai. Motar da ta ɗauko ƙarti biyu da jakunkuna biyu da batiranta ta haura rabin tan. Shi ya sa ma ake zuba mata hanyar siminti ko kwalta a cikin fili, ake kafa dokar in an yi ruwa kar ta sauka daga kan hanyar. A filayen Melbourne na Ostareliya, waɗanda duniya ta yarda suna cikin mafi kyawu, akwai inda ake barin mutum ya ja kekensa mai faɗin taya ya ratsa ta tsakiyar girin ɗin ma, don suna ganin hakan ya fi a taru ana tattake gefe ɗaya. Ƙasarsu yashi ce mai tauri, na yarda ba ko'ina za'a yi haka ba, amma dai ya isa ya nuna maka cewa matsalar ciyawa igiya da ɗan allo da farin fenti ke maganinta.

Sai maganar ɓata lokaci, wai mai tafiya a ƙasa yana jan ƙafa ya tare na bayansa. Wannan a filin da aka gina don tafiya ba ta cika zama gaskiya ba, saboda mutum huɗu masu tafiya kowa ƙwallonsa yake nufa kai tsaye, su kuwa biyu a mota ɗaya sai an kai wannan an jira ya buga sannan a kai wancan, in kuma ranar da aka hana sauka daga kwalta ce sai ka ga mutum yana ta safa da marwa tsakanin mota da ƙwallo da sanduna uku a hannu. Akwai kuma ƙorafin wurin ajiya, ɗakin jakunkuna an gina shi ne don jaka, in mamba ɗari biyu kowa ya kawo keke ina za'a zuba su, wa zai wanke musu taɓo. Wannan ƙorafi ne na gaskiya amma ƙarami.

In ka ture waɗannan gefe sai ka iso inda gizo ke saƙar, wato kuɗi. Bari in yi maka lissafi na misali, ba na wani kulob takamaimai ba. A ce ana buga zagaye 20,000 a shekara, zagaye ɗaya shine mutum ɗaya ya gama rami 18, kashi 70 cikin ɗari a mota, kowane mutum dala 25. Dala 350,000 kenan a shekara. In aka buɗe ƙofa rubu'in masu hawa motar suka koma tura keke, dala 87,500 ta tafi, alhali kuɗin hayar motocin daga kamfani da cajinsu da gyaran hanyarsu yana nan bai ragu ba. Wannan giɓin dole a cike shi, kuma hanya ɗaya ce, a ƙara kuɗin wata na kowa da kowa. Toh nan ne siyasar cikin gida ke shigowa, don dattijon da gwiwarsa ta gama aiki kuma dole sai mota, zai ce shi me ya sa za'a ƙara masa kuɗi don wasu samari su ji daɗin motsa jini. Shi kuma mai keke amsarsa ita ce ai shekara da shekaru ana tilasta masa hayar abin da ba ya so don a rage wa kowa kuɗin wata. Kowa da gaskiyarsa in ka saurare shi shi kaɗai. A ganina dai kuɗin mota haraji ne da aka ɓoye, kulob ba ya son ya rubuta ainihin tsadar zama mamba a takarda ɗaya, sai ya rarraba ta gida-gida, shi kuma keke laifinsa ya tona wannan asirin.

Ya kuma danganta da wanda ya mallaki kulob ɗin. Akwai wanda mambobi ne suka mallake shi, su ke zaɓen shugabanni da kwamitin kula da fili da kwamitin wasa, a nan doka tana iya sauyawa in masu keke suka yi yawa suka yi kamfen suka ci kujeru, ko da yake irin waɗannan kwamitocin galibi dattawan da suka daɗe ne ke cike da su, kuma abin da suka tarar shi suke so su bari. Akwai kuma wanda kamfani ne ke da shi yana neman riba, irin ClubCorp da ya koma Invited a 2022, a irin wannan tsarin mamba kwastoma ne kawai, ƙorafi zai iya yi amma ba shi da ƙuri'a.

Dalili ɗaya ne ni nake cire wa hula, shine maganar 'yan kadi. A tsofaffin kulob na wajen Chicago da Philadelphia da New York da Boston har yanzu akwai tsarin kadi mai rai, da shugabansu da ɗakin zamansu da darajoji daga sabon shiga zuwa gwani. Yaro ɗan sakandare zai fito tun asuba lokacin hutun bazara ya zauna jiran a kira shi, babban mutum kuma wanda sana'arsa kenan yana iya ɗaukar jaka biyu a zagaye ɗaya, a manyan wurare jaka ɗaya tana kai dala 100 ko fiye in an haɗa da ihsani. Kuma abun ya wuce kuɗin aljihu. Chick Evans, wanda shi ma dako ya fara a Chicago kafin ya ci US Open da US Amateur duka a 1916, shi ya assasa tallafin karatu na 'yan kadi da ƙungiyar Western Golf Association ke gudanarwa, an fara da yara biyu a jami'ar Northwestern a 1930, yau dubbai ne suka yi digiri ta wannan hanyar, kuɗin makaranta da masauki duk a biya. A jihar Massachusetts ma akwai irinsa da sunan Ouimet tun 1949. Toh tsarin nan ba ya rayuwa sai da ciniki. In yaro ya zo kwana uku a jere ya zauna har azahar ba wanda ya ɗauke shi saboda kowa ya turo kekensa, rana ta huɗu ba zai zo ba, shagon sayar da abinci zai tafi neman aiki. Kuma in tsarin ya mutu tayar da shi wahala ne. Don haka kulob ɗin da yace mun hana keke don mu kare yaranmu, kuma ka duba ka ga da gaske akwai yaran, kuma su ma masu mota ana tilasta musu ɗaukar kadi mai bin su yana duba musu ƙwallo, wannan na fahimce shi ko ban yarda da shi ɗari bisa ɗari ba.

Matsalar ita ce da yawan masu kafa hujja da kadi ba su da kadin. Motar da suka rungume ita ta kashe tsarin tun shekaru da dama da suka wuce, keke bai taɓa kashe shi ba, amma yau in an zo maganar keke sai a tuno da al'ada da tarihi. Fakewa da guzuma ne a harbi karsana. Kuma ko ita al'adar kadin ba duka ce abin alfahari ba, a Augusta National inda ake gasar Masters har zuwa 1982 dole ɗan wasa ya ɗauki kadin kulob, kuma dukkansu baƙaƙen fata ne cikin farar rigar nan mai haɗe da wando, alhali sai a 1975 baƙar fata na farko, Lee Elder, ya samu buga gasar. A 1983 aka fara barin kowa ya zo da nasa.

Mu a nan gida wannan muhawarar ba ta ma taso ba, in ka leƙa filin golf na Kano ko Kaduna ko Rayfield a Jos zaka tarar matasa ne ke ɗaukar jaka kuma kuɗinsu bai kai a ce mutum ya sayo keke don gudunsa ba. Tsadar ɗan adam ce ta haifi keken a can.

Saura dalilin da ba'a rubutawa a takarda, wanda kuma ina ga shine uwa uba, wato aji. Mamban da ya biya maƙudan kuɗi yana so in ya zauna a barandar kulob ya hango fili ya ga abin da ya bambanta shi da filin ƙaramar hukuma inda direban tasi da malamin firamare ke bugawa. Kadi cikin farar riga yana bin maigida a baya, wannan hoto ne na sarauta. Mutum ya saɓa jakarsa a kafaɗa, wannan jarumta ce, ɗan wasa na gaske kenan. Mota kuma jin daɗi. Shi keke fa? Keke na nuna kana son tafiya amma ba ka da ƙarfin goyo kuma ba ka son biyan yaro, wato a idonsu ka haɗa rauni da rowa. Shi ya sa zaka ga dokar da hankali ba zai ɗauka ba, an yarda ɗan shekara 60 ya goya kilo 12 a bayansa awa huɗu, amma ba'a yarda ya ɗora kilo 12 ɗin a kan taya ba. Wanda ya goya ɗin ma bai biya kuɗin mota ba, bai ɗauki kadi ba, kenan ba kuɗi ba ne ba kuma yara ba ne a wannan gaɓar, kallo ne kawai. Ko da yake wasu na cewa da gangan ne, an san goyo da wahala, mutum zai gwada sau biyu ya dawo mota da kansa.

Abun ya fara sassautawa ne ta inda ba'a zata ba. A 1999 kamfanin Sun Mountain na Missoula a jihar Montana ya fito da Speed Cart mai taya uku wanda ake turawa a gaba maimakon a ja a baya, ya fi sauƙi a kafaɗa kuma ya fi kyan gani nesa ba kusa ba, ya daina kama da kayan gwanjo. A shekarar dai aka buɗe Bandon Dunes a gaɓar tekun Oregon, wurin da Mike Keiser ya gina bisa tsarin Sikotlan, ba mota sai ga mai lalura, ko ka ɗauki kadi ko ka goya ko ka ja keke. Wurin ba kulob na mambobi bane, kowa na iya biya ya buga, amma su waɗannan attajiran ne dai ke hawa jirgi su je, su ja keke kwana huɗu suna washe baki, su dawo gida su tarar kulob ɗinsu ya hana.

Sai kuma 2014, lokacin gasar jami'o'in Amurka a filin Prairie Dunes na jihar Kansas. 'Yan wasan jami'ar Stanford suka fito suna tura keke a talabijin, wasu ƙwararrun 'yan wasa suka hau Twitter suna musu shaguɓe wai samari majiya ƙarfi da keke kamar tsofaffi. Ɗaya daga cikin yaran, Cameron Wilson, shi ya ɗauke kofin ɗaiɗaiku a gasar. Yau in ka kalli gasar matasa ko ta jami'a a Amurka keke ya zama ruwan dare, kuma yaran nan su ne mambobin gobe, ba su taso da wannan kunyar ba sam. Akwai ma wani ɗan bincike da Neil Wolkodoff ya yi a Denver da mutum takwas kacal, ya auna kuzarin da suke ƙonawa a rami tara, mai goyo kalori 721, mai tura keke 718, mai hawa mota 411. Mutum takwas ba yawa bane, kar a ɗauke shi kamar wahayi, amma dai ya nuna goyon nan da ake wa kallon jarumta bambancinsa da turawa kalori uku ne, sauran ciwon baya ne kawai.

Amma wanda ya fasa ƙwan gaba ɗaya korona ce. A 2020 golf na cikin 'yan abubuwan da aka bari ana yi saboda a sarari ake yinsa, sai dai an hana mutum biyu zama a mota ɗaya, motocin suka kasa isa, a wasu jihohin ma an dakatar da su na wani lokaci, an kuma sallami 'yan kadi don kar wani ya taɓa kayan wani. Kulob ɗin da suka shekara hamsin suna cewa atafau ba keke suka wayi gari ba su da zaɓi, suka ce toh na wucin gadi ne. Keke ya yi wuyar samu a kasuwa, shaguna suka ƙare kaf, mutane na jiran watanni. Da annoba ta lafa aka duba ciyawa tana nan lafiya lau, lokacin wasa bai ƙaru ba, kuma mamban da ya saba tura abinsa ya ji bayansa ya daina ciwo, ka ce masa ya mayar gareji ai sai an kai ruwa rana. Wasu kulob ɗin sun maido da haramcin, da yawa kuma suka nemi tsaka-tsaki.

Tsaka-tsakin nan ne ya haifi dokoki kala-kala da in kana karanta su sai ka rasa dariya zaka yi ko tausayi. Wani wurin an yarda da keke amma sai bayan ƙarfe biyu ko uku na rana lokacin da 'yan kadi sun gama samun ciniki. Wani wurin ranakun aiki kawai, Asabar da Lahadi da safe a'a. Wani sai in ka tambayi shugaban 'yan kadi yace babu yaro a ƙasa. Wani lokacin sanyi kawai da yara suka koma makaranta. Wani kuma ya kafa sharaɗin shekaru, ko takardar likita. Wanda ya fi yawa kuma ya fi wayo shine kulob ya sayi nasa kekunan, duk iri ɗaya kala ɗaya da tambarin kulob a jiki, ya hana ka zuwa da naka, ya baka haya ko ya saka kuɗin cikin na shekara. Kaga an samu kuɗi, an huta da rigimar wurin ajiya, kuma mai kallo daga baranda ba zai ga wani jan keke wani kore wani mai tsatsa ba. Akwai ma masu karɓar kuɗin taka fili, wato ko da ƙafa ka tafi da kekenka sai ka biya wani abu a madadin motar da baka hau ba, wannan kam ni ina ganin gara su fito fili su ƙara kuɗin wata a wuce wurin.

Wani abin ban dariya a lamarin shine a matakin ƙwararru rigimar juye take. A can tafiya ce dole, mota ce haramun. Casey Martin, abokin wasan Tiger Woods a Stanford, an haife shi da ciwon jijiyoyin jini a ƙafar dama da ke hana shi doguwar tafiya, ya nemi PGA Tour, wato ƙungiyar da ke shirya gasannin ƙwararru a Amurka, ta bar shi ya hau mota suka ƙi, manyan zakarun wasan Jack Nicklaus da Arnold Palmer suka ba da shaida cewa gajiyar tafiya na cikin wasan, aka yi ta shari'a har kotun ƙolin Amurka, a 2001 alƙalai bakwai cikin tara suka ba Martin gaskiya bisa dokar kare naƙasassu ta 1990. Ko a 2019 an bar John Daly ya hau mota a gasar PGA Championship saboda gwiwarsa, amma masu shirya gasar Open ta Birtaniya suka hana shi a shekarar. Wato a talabijin ana gaya wa duniya tafiya ce ruhin golf, a kulob kuma mamba na roƙon a bar shi ya yi tafiyar ana ce masa sai ya biya. Kuma shi ba shi da kotun da zai je, don kulob mai zaman kansa na gaske yana da 'yancin kafa dokokinsa, ita kanta dokar naƙasassun ta ware irinsu, balle kuma son tura keke da ba naƙasa bane.

Yanzu kuma sabon babi ya buɗe, don keken ya samu batir da rimot, akwai ma irin na kamfanin Stewart Golf da ke bin mai shi a baya shi kaɗai kamar ɗan akuya. Kwamitocin da suka sha wahala kafin su amince da na turawa sun koma teburi, wasu na cewa wannan ai mota ce ƙarama a caje shi kuɗin mota, wasu na tsoron ya ƙwace ya faɗa tafki ko ramin yashi, ga maganar cajin batir a ɗakin ajiya da fargabar gobara da kamfanin inshora zai tambaya. Su kuma 'yan kadi wannan ne ya fi tsorata su, saboda na turawa dai ko ba komai mutum na gumi, amma wannan ya ba shi ainihin abin da yake biyan kadi dominsa, ya yi tafiyarsa hannu a aljihu jaka na biye da shi. Abin da ya rage wa kadi shine ya san inda iska ke kaɗawa da yadda girin ya karkata da sandar da ta dace, da kuma ya san lokacin da zai yi shiru in maigida ya jefa ƙwallo ta uku cikin ruwa.